Hannun da Aka Bari a Miƙe

Tun kafin tsohon ya buɗe baki Nuala ta san yau ta shiga uku.

Tarinsa ta ji, ɗan gajere, irin wanda yake yi idan zai fara waƙa. Ko a tsakiyar kasuwa ne ba za ta kasa gane tarin nan ba. Ta ajiye kofin lemon da ke hannunta a hankali.

Yammacin Asabar ne, ruwan saman garin Galway ya koro kowa cikin wata 'yar mashaya mai jar ƙofa ta bayan tashar jiragen ruwa. Jiƙaƙƙun riguna na ta tururi a gefen murhu, ƙamshin miyar kifi da na baƙar giya sun cakuɗe. Mai goge ya kwantar da gogensa a cinya, mai sarewa ma ya ajiye. Mai mashayar ya ƙwanƙwasa cokali a jikin kofi, wuri ya yi tsit.

Lorcan, saurayinta, ya sunkuyo wajen kunnenta yana murmushi.

"Zuciyata, yanzu za ki ji abin da kuɗi ba ya saya a Dublin."

"Lorcan... mu tafi. Kaina ciwo yake."

Clodagh ce ta amsa daga ɗaya gefen tebur, da wannan murya tata mai zaƙi kamar an zuba sukari a magani. "Haba Nuala, yanzu fa aka zo wurin daɗin. Kin san wahalar da na sha kafin na nemo mana wurin nan?"

Lallai ta sha wahala. Clodagh 'yar aminiyar Madam Devane ce, mahaifiyar Lorcan, kuma ita ce Madam ta so wa ɗanta tun suna 'yan makaranta. Ita ta kawo shawarar a zo Galway hutun ƙarshen mako don bikin ranar haihuwar Madam, ita ta kama otal, ita ta tsara inda za a je. Sai yanzu Nuala ta gane dalili.

Tsohon da ke zaune kusa da murhu, da hularsa a gwiwa da tsohuwar rigar sanyi mai faci a hannu, Bartley Folan ne.

Mahaifinta.

Lokacin da suka shigo idonsu ya haɗu. Fuskarsa ta haskaka, har ya fara yunƙurin tashi. Ita kuwa sai ta ja gyalen wuyanta sama, ta kafa ido a kan takardar abinci kamar za a yi mata jarrabawa a kanta. Da ta saci kallo, ya koma ya zauna.

Ƙaryar ba da niyya ta fara ba, haka dai masu ƙarya kan ce. Ran da Lorcan ya fara kai ta gidansu a kudancin Dublin, ta ga cokula jere a gefen faranti ba ta san da wanne ake farawa ba, Madam Devane ta ɗaga gira ta tambayi sana'ar mahaifinta. Bakin Nuala ya riga zuciyarta. Ta ce harkar jiragen ruwa yake yi, ya yi ritaya, yanzu yana ƙasar Sifen saboda ƙirjinsa ba ya son sanyi. Gaskiyar kuwa ƙaramin kwalekwale gare shi a Connemara, yankin ƙauyukan bakin teku da ke yamma da Galway, yana kama ƙaguwa yana tara ciyawar teku, ran Asabar ya hau bas ya shigo gari ya yi waƙa. Tun daga ranar nan ƙaryar take cin abinci tana ƙiba, har Nuala ta goge karin harshenta na yamma tas, ta koma magana ta hanci kamar 'yan Dublin.

Bartley ya rufe ido ya fara.

Tsohuwar waƙa ce cikin harshen iyayenmu, babu kiɗa, muryar kaɗai, tana hawa tana sauka tana lanƙwasa. Labarin wani masunci ne da ya fita bai dawo ba. Da ya kai tsakiya, inda waƙar ke nauyi, sai ya miƙa hannunsa na dama a buɗe.

Mu nan yamma ba a barin mai irin wannan waƙa shi kaɗai. Idan ya miƙa hannu, nasa ne ke tasowa ya kama, yana juya masa shi a hankali tare da numfashin waƙar har a kai ƙarshe. Mahaifiyar Nuala ce take riƙe hannun nan duk rayuwarta. Da ta rasu, Nuala ta gaje ta tun tana 'yar ƙarama, sai an ɗora ta a kan kujera take kaiwa.

Mazan da ke kusa da shi babu wanda ya motsa, don sun ga inda hannun ya nufa.

Nuala ta ga hannun. Zuciyarta tana cewa tashi, kunya tana cewa zauna, kunyar ce ta yi nasara.

Hannun ya tsaya a iska.

"Allah sarki, bawan Allah," in ji Madam Devane a hankali. "Ashe taimako yake nema."

Kafin kowa ya ankara ta buɗe jaka, ta taka da takalmanta masu tsini, ta zuba masa tsabar kuɗi a tafin hannu. Tsabar suka zube ƙasa, ɗaya ya gangara har ƙarƙashin murhu. Wata tsohuwa a lungu ta dafe baki. Muryar Bartley ta girgiza, amma bai buɗe ido ba, bai kuma janye hannun ba.

Nuala ta so ƙasa ta tsage ta shige. Amma ko a lokacin ba ta tashi ba.

Lorcan ne ya tashi. Ya taɓa ganin al'adar lokacin da aka tura shi yamma koyon harshe yana yaro, sai ya je ya durƙusa ya kama hannun tsohon. Juyawar ce dai bai iya ba, sauri yake kamar mai niƙa barkono, amma ya riƙe har baiti na ƙarshe.

Tafi ya ɓarke. Mai mashayar ya ce, kamar yadda aka saba, wanda ya gama shi ke kiran mai bi masa. Bartley ya buɗe ido, ya dubi 'yarsa, wadda duk Connemara ta san ta fi shi murya. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya kira sunan mai sarewa.

Clodagh ba ta zo Galway don ta koma hannu rabbana ba. Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Baba, Folan aka ce sunanka ko? Ikon Allah, irin na ƙawarmu! Ba ka da 'ya a Dublin?"

Bartley ya ɗauki hularsa ya kaɗe ta a gwiwa.

"'Yan mata, ai Folan sun fi duwatsun Connemara yawa. Ina da 'ya, ƙwarai kuwa. Amma tawa tana can tana fama da aiki, ba ta samun hutu."

Da mari ya yi mata a gaban mutane da ya fi mata sauƙi. Nuala ta ture kujera ta fita cikin ruwan ko laima ba ta ɗauka ba.

A bakin kogi Lorcan ya cim mata, kusa da tsohuwar ganuwar da suka tsaya ɗaukar hoto da safe. Bai yi ihu ba, shi ba mai ihu ba ne. Ya ce mata tun da safe abin ke damunsa. Da suka yi yawo a gefen teku a Salthill, suna kaiwa ƙarshen hanya ta kai wa bangon da ke wurin ɗan shuri ta juyo, tana cikin magana, ko sanin ta yi ba ta yi ba. 'Yan gari ne ke yin haka, ita kuwa ta ce masa ba ta san Galway ba. Sannan waƙar nan, ita ce take rerawa ƙasa-ƙasa duk lokacin da take wanke kwanuka.

"Da na kama hannunsa kuma," in ji shi, "na ga ƙaramin yatsansa a karkace. Irin naki sak."

"Lorcan, tsaya in yi maka bayani..."

"Babanki ne?"

Ta gyaɗa kai, hawaye da ruwan sama sun haɗu a fuskarta.

"Na ji tsoro ne. Mamanka... gidanku... na ga idan kun san ko 'yar waye ni, za ka..."

"Zan me? Kin ɗauke ni mutumin da zai guji mace don ubanta masunci ne? Haka kika san ni?"



Ya sa hannu a aljihun kwat ɗinsa ya taɓa wani abu, sannan ya fito da hannun babu komai. Ya ce zoben kakarsa ne, gobe ya yi niyyar ba ta a gefen teku. Ya yi ta faɗa da mahaifiyarsa a kanta tun bara, bai taɓa gaya mata ba.

"Talaucinsa bai dame ni ba, Nuala. Abin da na gani da idona ne ya dame ni. Hannun mutumin da ya haife ki yana miƙe, kina kallo. Ni ranar da zan zame miki abin kunya fa? Nawa hannun ma haka za ki bar shi?"

Ya juya ya tafi. Ta kira sunansa sau ɗaya, iska ta kwashe.

Abincin bikin da aka shirya da daddare ba ta sauko ba. Ta kwana da kayanta a kan gado, idonta biyu. Abin da ya fi cin ranta shi ne Clodagh ba ƙarya ta yi mata ba. Makircin nata ne, amma ramin Nuala ce ta haƙa shi da hannunta.

Da safe, bayan an fito daga coci, ta san inda za ta same shi. Duk Asabar a gidan ƙanwarsa yake kwana a tsohuwar unguwar masunta, Lahadi kuwa ya zauna a kan katangar bakin ruwa yana jefa wa agwagin ruwa ɓawon burodi. Yana nan kuwa, hula a kai.

Ta tsaya daga nesa kamar baƙuwa.

"Autata," ya ce ba tare da ya waiwayo ba. "Zo ki zauna, dutsen ya bushe. Kin rame. Ba sa ba ku abinci ne a Dublin?"

Ta zube a gabansa ta kifa kai a gwiwarsa, kukan da ta riƙe tun jiya ya ƙwace. Warin gishiri da taba na rigarsa yana nan yadda ta san shi.

"Baba ka yafe mini... Baba na ga hannunka, wallahi na gani, na ƙi tashi."

"Wane hannu? Ni idona a rufe yake, ban ga komai ba."

"Baba, don Allah kada ka rufa mini asiri kuma. Ka zage ni. Ka ce wani abu."

Ya murza ɓawon burodi a hannunsa. Can ya ce shi ba wawa ba ne, ya daɗe da sanin akwai dalilin da ya sa ba ta taɓa kawo saurayin nan gida ba, da dalilin da ya sa take fita waje idan zai kira ta a waya. Ya ce ya tura ta makaranta ne don ta shiga ɗakunan da shi ba zai shiga ba, to idan kuɗin shigar shi ne a ajiye shi a ƙofa, ya yarda, ba zai ɓata mata ba.

"Abu ɗaya ne ya yi mini ciwo," ya ce. "Ba kuɗin matar nan ba, su na zuba su a akwatin masu ceto a teku, sun yi amfani. Da na miƙa hannun, ban yi tunani ba. Na ji kina ɗakin, hannun ya tafi da kansa, kamar lokacin mamanki. Laifina ne, Auta. Na sa ki a tsaka mai wuya."

Wannan ita ce maganar da ta ƙarasa ta. Wai shi ne yake ba ta haƙuri.

Ta share fuska da bayan hannu. Ta tambaye shi ko yau ma akwai zama a mashayar, ya ce akwai, bayan abincin rana. Sai ya ɗan yi dariya.

"Yaron nan naki dai zuciyarsa mai kyau ce. Amma ki gaya masa hannun mutum ba injin niƙa ba ne, ya kusa cire mini kafaɗa."

Ta same su a falon otal suna shan shayi, akwatunansu a gefe suna jiran jirgin ƙasan da zai mayar da su Dublin da yamma. Madam Devane a miƙe kamar sanda, Clodagh tana duba waya, Lorcan yana kallon taga, da gani shi ma bai runtsa ba. Nuala ba ta zauna ba. Da ta buɗe baki, karin harshen Connemara ne ya fito, mai kauri, wanda ta binne shekara da shekaru.

"Madam, na yi miki ƙarya a teburinki. Babana bai taɓa zuwa Sifen ba. Shi ne mutumin jiya. Ƙaguwa yake kamawa, da ita ya biya mini makaranta. Hannun da ya miƙa ba bara yake ba, ni yake kira, ni kuma na ƙi zuwa. Kuskuren da kika yi ni na jawo miki, ki yi haƙuri."

Fuskar Madam ta yi ja har wuya. Ta ajiye kofinta ya yi ƙara a kan faranti. Ta ce ita mace ce da ba ta son a mayar da ita abin dariya, kuma tun farko jikinta ya ba ta akwai abin da ake ɓoyewa. Clodagh ta buɗe baki za ta ƙara gishiri, Madam ta juyo mata.

"Ke kuma kin sani, kika bar ni na taka na zuba wa dattijo kuɗi a hannu a gaban jama'a? Rufe mini baki."

Clodagh ta koma kan wayarta, kunnuwanta kamar an shafa musu barkono.

Nuala ta dubi Lorcan. Bai ɗago ba.

"Zai yi waƙa anjima," ta ce. "Ina can. Ba don ka zo na faɗa ba... don dai ka san inda nake."

Zaman Lahadi ba ya cika kamar na Asabar. 'Yan gari ne, tsofaffi da jikokinsu, da 'yan yawon buɗe ido da ruwa ya koro. Nuala ta shiga ba gyale, ta ja kujera ta zauna daf da mahaifinta. Tsohuwar nan ta lungu ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "To, an dawo daga aikin ke nan?" Nuala ta sunkuyar da kai ta ce an dawo. Ta san ta cancanci fiye da haka.

Da Bartley ya yi tarinsa ya fara, ba ta jira ya miƙa ba. Ta kama hannun da hannayenta biyu, mai kaushi, duk sawun igiya, ta shiga juya shi a hankali. Hannun bai manta ta ba, ita ma ba ta manta shi ba. Ya rera waƙar har ƙarshe, hawaye na bin ramukan fuskarsa.

Mai mashayar ya ce a kira na gaba.

Bartley ya miƙe tsaye, abin da ba ya yi.

"Ina kiran 'yata, Nuala Folan. Ta samu hutu."

Dariya da tafi suka tashi tare. Nuala ta dubi ƙofa. A rufe take, babu kowa. Agogon bango ya nuna jirgin Dublin ya kusa tashi. Ta ce a ranta ita ta saya da kuɗinta, sai ta sha.

Ta rufe ido ta fara waƙar mahaifiyarta.

Da farko muryar ta yi tsatsa, sannan ta buɗe. Ta manta mashayar, ta manta Dublin da cokulanta. Da ta kai inda waƙar ke nauyi, hannunta ya tafi da kansa, ya miƙe a buɗe. Ta jira kaushin tafin babanta.

Bai zo ba.

Hannun ya tsaya a iska, sanyi yana ratsa yatsunta. A ɗan wannan lokacin ta ɗanɗani abin da tsohon ya ɗanɗana jiya, ta ji kamar zuciyarta za ta fashe. Amma ba ta janye ba, ba ta buɗe ido ba.

Sai wani hannu ya kama nata. Mai laushi, jiƙe da ruwan sama, mai shi yana haki kamar wanda ya yi gudu daga tasha. Ya shiga juya mata hannu da sauri, babu tsari, kamar mai niƙa barkono.

Dariya da kuka suka taho mata lokaci guda, baitin ya kusa kuɓuce mata.

Ta ji muryar babanta ƙasa-ƙasa a gefe. "A hankali, ɗana. A hankali. Bi numfashinta."

Hannun ya rage sauri, ya yi tuntuɓe, sannan ya samu hanya. Can bakin ƙofa wata mace mai takalma masu tsini ta tsaya da jakarta a rufe gam, ba ta shigo ba, ba ta kuma tafi ba.

Da waƙar ta ƙare Nuala ta buɗe ido. Lorcan na durƙushe a gabanta, gashinsa na ɗigar ruwa, idonsa ja.

"Jirgin fa?" ta ce da raɗa.

"Ya tafi da Clodagh."

"Lorcan... ban cancanta ba."

"Na sani. Ni ma ban iya juya hannu ba. Sai mu koya." Ya ɗago ya dubi tsohon. "Baba, akwai maganar da nake so in yi da kai, tun tuni ya kamata in zo."

Bartley ya share ido da hularsa, ya dubi hannayensu da har yanzu ke haɗe.

"Maganar za ta jira, ɗana," ya ce. "Kai dai kada ka saki."